Baƙon Magariba a Gwandar Ƙasimu

Idan ka shiga Gyaɗi-Gyaɗi ka ce a nuna maka gidan Ƙasimu mai wankin hula, sai an ɗan tsaya tunani, don masu wankin hula sun yi yawa yanzu. Amma ka ce Ƙasimu mai gwanda, ko ɗan adaidaita sahun da jiya ya fara shigowa unguwar zai dire ka a ƙofar gidan. Abin dariyar shi ne, bawan Allahn nan bai taɓa sayar da gwanda ba, ko yanka ɗaya. Hula ce sana'arsa tun gemunsa yana baƙi.

A Ƙauyen Alu aka haife shi, lokacin da wurin yake ƙauye na gaske, gonaki har bakin gida. Noma bai karɓe shi ba, sai mahaifinsa ya miƙa shi wurin kawunsa mai wankin hula a kasuwar Tarauni. Can ya koyi jiƙa hula, da dirzar ta da buroshi ba tare da zaren ɗinkin ya tsinke ba, da sa mata sitaci daidai misali, da ɗora ta a katako a shanya, sannan a buge ta har ta ɗauki sheƙi. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan yana wannan aiki, har ta kai ya san girman kan kowane magidanci daga titin Zariya zuwa Gidan Zoo. Yakan ce shi ba da fuska yake gane mutum ba, da ƙeya yake gane shi. Da wannan sana'a ya auri Kubura, da ita ya gina ɗan gidansa, da ita ya aurar da 'ya'ya biyar. Yanzu gidan ya rage daga shi sai matarsa sai kaji.

Gwandar kuwa ba shi ya fara shuka ta ba, amma kada ka faɗa a gabansa. Kubura ce ta watsar da ƙwayoyin wata gwanda da suka sha a gefen magudana, inda ruwan ɗaurayar hula yake bi. Suka fito, suka yi kauri, da suka fara 'ya'ya sai abin ya zama abin kallo. Manya-manya a jere, ciki ja wur, zaƙi kamar an barbaɗa sukari. Ƙasimu ya zagaya su sau biyu, ya gyara zaman hularsa, ya ce ai hannunsa ne. Daga nan ya karɓe ragamar. Wadda ta yi tsayi da yawa sai ya maye gurbinta da 'yarta, wanda kuwa ya fito namiji, ranar da ya fara fure ranar zai tumɓuke shi. Kullum mata huɗu yake bari a tsakar gidan.

"Akwai hannu mai albarka," in ji shi a majalisa, "akwai kuma hannun da ko ciyawa ya shuka sai ta bushe. Ni dai ban kama sunan kowa ba."

Rowa babu ita a jikin Ƙasimu, wannan kowa ya shaida. Mai jego ta samu, maras lafiya ya samu, da azumi kuwa tire guda ake kaiwa masallaci. Sai dai gwandarsa ba ta zuwa ita kaɗai, da dogon bayani take zuwa a kan yadda ake kula da shuka. Aibinsa ke nan, cika baki. Kuma tun da Kubura ta aure shi ba ta taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Ko hular wani ya miƙa wa wani, sai ya ce kawunansu ne suka yi kama.

Wanda bai kama sunansa ba ɗin nan kuwa kowa ya san shi. Polycarp ne, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, mai shagon kayan lantarki a titin Gidan Zoo. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma shekara ashirin ke nan suna zaune lafiya, tuwon Salla ya haura, shinkafar Kirsimeti ta sauko. Gwanda ɗaya ce tak a gidan Polycarp, ita ma namiji. Dogo ne siriri, ya wuce katanga nesa, ya zubo wasu dogayen jijiyoyi masu ɗauke da ƙananan fararen furanni, rabi a gidan mai shi, rabi a saman shanyar Ƙasimu. To nan ne rigimar take. Furen nan in ya faɗo a kan hula mai ɗanyen sitaci sai ya manne, in an ɓamɓare ya bar tabo, sai an sake wanki.

Duk ranar Lahadi da yamma, in Polycarp ya zo ya zauna a bencin majalisa a ƙofar masallacin layin, tare da Malam Mu'awiya ladan da Audu mai shayi, sai Ƙasimu ya fara.

"Oga Poli, yaya angon naka? Har yanzu kwalliyar kawai yake yi?"

"Ka ƙyale shi, Malam Ƙasimu, shi ma rai ne."

"Rai? Shekara biyar yana shan ruwa, ko ɗa ɗaya bai nuna mana ba! Ba aikin fari ba na baƙi, sai ado da turare. Ka sare masa kai ko ya ji kunya ya koma mace, ai haka ake yi. In kuma ya ƙi, a bi da shi har ƙasa. In ba ka da adda in ara maka."

Sai a kwashe da dariya, Polycarp ma ya yi, ya girgiza kai. Haka aka yi ta yi har shekara biyar, ba fashi.

Ana nan, wata Asabar a tsakiyar damina, Ƙasimu ya taka ruwan sitacin da shi da kansa ya zubar, santsi ya kwashe shi, ƙafar hagu ta karye a ƙwauri. Ya ce laifin takalmin ne. Mai ɗori ya zo ya ɗaure ƙafar, ya ce kwana arba'in kada ta taɓa ƙasa. Da rana a kai shi zaure ya karɓi masu dubiya, da yamma a dawo da shi ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Ta haka ne magariba ta riski Ƙasimu a cikin gidansa, abin da rabonsa da shi tun kafin ya yi aure.

Ka san yadda magariba take a unguwa. Maza suna masallaci, in an sallame su zauna a majalisa har isha'i. Mata suna kiran yara su shigo, suna rufe kaji. Babu mai tsayawa a gindin bishiya da almuru, balle ya ɗaga kai ya ƙura mata ido, kowa ya san dalili. Kubura ta yi ta yi da shi ya koma ɗaki, ya ce zafi zai kashe shi. Nan ya yi sallarsa a zaune, yana cikin jan carbi sai ya ji wata 'yar ƙara a sama, fir-r-r, kamar ƙaramar fanka.

Ya ɗaga kai. Wani abu ne tsaye a iska a gaban furen gwandar Polycarp, bai kai tsawon ɗan yatsa da rabi ba. Bai sauka ba, bai kuma wuce ba, yana nan cak, fukafukan suna kaɗawa har ba a ganinsu sai wani hazo-hazo. Sai ya warware wani siririn zare daga bakinsa, wanda ya fi jikinsa tsawo, ya zura a cikin furen. Ya zare, ya ja da baya a iskar nan, ya matsa na gaba.

Tsigar jikin Ƙasimu ta tashi. Ya yi a'uziyya, ya karanta Ayatul Kursiyyu har ƙarshe. Abin bai ɓace ba, ko a jikinsa, sai ma wani da ya zo suka zama biyu. Nan hankalinsa ya kwanta, ya ce wannan dai ba mutanen ɓoye ba ne.

"Kubura! Zo ki ga wani tsuntsu!"

Ta leƙo daga ƙofar ɗaki, ba ta yarda ta fito ba. "Wane irin tsuntsu, Malam, ba baki ba jela? Faɗa-wuta ne, irin manyan nan. Don Allah ka daina kallon bishiya a wannan lokacin."

Ina! Ai ƙofa ta riga ta buɗe. Washegari tun la'asar yake ɗokin rana ta faɗi. Ya lura ba sa zuwa da sauran haske, ba sa kuma daɗewa in duhu ya yi sosai. Ɗan tsakanin nan ne nasu, daidai lokacin da ƙamshin furen yake cika gidan. Ya raɗa musu suna baƙin magariba. Wata safiya Kubura ta tarar da ɗaya a manne a bangon rumfa yana barci, launin toka, in ba ka kula ba sai ka ce siminti ne. Ta kawo shi a kan faifai. Ƙasimu ya ɗan taɓa shi da tsinke, ya buɗe fukafukai, sai ga bayansa da ratsi-ratsi, ja-ja mai haske da baƙi, a jere ba wanda ya fi wani faɗi. Mutumin da ya shekara arba'in yana duban aikin allura ya daɗe yana bin ratsin nan da kallo.

"Ikon Allah," ya ce daga baya. "Duk hulunan da suka bi ta hannuna, ban ga wadda aka tsara wa zare haka ba."

Zaman banza ya sa idonsa ya fara ganin komai. Kubura tana da dankali da ta shuka a buhuna uku a bayan madafa, kullum da safe tana tsince wasu tsutsotsi daga ganyen tana jefa wa kaji. Kore ne shar, kaurin babban yatsa, da ratsi a karkace a gefe, da ɗan ƙaho a wajen gindi. Ƙasimu ya ce ta ba shi ɗaya ya gani. Ya sa ta a gwangwanin madara da ƙasa da ganye, don dai ya samu abin kallo. Kwana huɗu tana ci ba ji ba gani, ganye uku a wuni, a na biyar ta daina, ta yi ta zagaye, ta nutse a ƙasa. Bayan mako ya kasa haƙuri ya tona a hankali da cokali. Babu tsutsa. Sai wani abu ja-baƙi mai sheƙi, da ɗan mariƙi a wajen kai kamar na buta. Ya taɓa, gindin ya motsa. Ya mayar da ƙasar ya rufe, ya kafa tsinke a ciki, ya hana kowa taɓa gwangwanin.

A cikin kwanakin nan ne ya lura da abin da ya hana shi sukuni. Baƙin nan kullum ta gidan Polycarp suke farawa. Su daɗe a can suna sha, fure bayan fure, sannan su gangaro kan matan gwandarsa. A nan kuwa ba sa zama. Su zura zaren, su zare da sauri, su gwada na gaba, su sake komawa wurin namijin. Ya sa Kubura ta tsinto masa furen da ya faɗo daga na Polycarp, ya tsotsi gindinsa, sai ya ji zaƙi. Ya sa ta tsinko ɗaya daga nasa, babba mai kauri, ya tsotsa. Salam, ba komai.

"Kai! Ashe 'yan yaudara nake kiwo," ya ce. "Ƙamshi kawai suke yi, baƙo ya zo ko ruwa ba sa ba shi."

To in ba sa ba shi komai, shi me yake kawo musu? Ya tuna wani rawayan gari da ya gani a fuskar wanda aka kawo masa a faifai. Bai gaya wa Kubura abin da yake zargi ba, ya dai sa ta yanko tsohon gidan sauro, ta hau turmi ta ɗaure furanni shida da ba su kai ga buɗewa ba, ta bar sauran. Ta yi tana mita, tana cewa karayar nan ba a ƙafa kaɗai ta tsaya ba. Bayan kwana goma sha biyu aka kwance. Waɗanda aka bari a sake duk sun ɗaura 'ya'ya, kore-kore kamar ƙwan kaza. Shidan da aka rufe sun yi rawaya, ana taɓa su suka zube.

Ƙasimu ya daɗe yana jujjuya su a tafin hannu. Wato duk shekarun nan ba hannunsa ba ne. Shi dai ruwa yake zubawa. Namijin da ya yi ta zagi shi ne uban kowace gwanda da ya taɓa kaiwa masallaci, ɗan saƙon kuma wannan mai zaren. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, amma wani daɗi ya fi kunyar yawa, irin daɗin wanda ya gano abin da duk unguwa ba ta sani ba.

Da yammacin ranar kuma sai ƙasar gwangwani ta motsa. Wani abu ya kutso, jiƙe, fukafukai a cukurkuɗe kamar hular da aka matse. Ya hau tsinken ya rataye. Suna kallo shi da Kubura, fukafukan suka yi ta miƙewa a hankali, ba sitaci ba katako, har suka tsaya sumul. Ga ratsin nan ja da baƙi a baya. Ƙasimu ya buga kabbara har kaji suka firgita.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Kubura, ashe shekara da shekaru baƙina kike ba kaji!"

"To ganyen dankalin nawa fa, wa zai biya ni?"

Aka yi sulhu a kan buhu ɗaya na tsutsa, biyu nata. Mariƙin butar nan ma sai a lokacin ya gane shi, ashe kuben zaren bakin ne.

Ranar Alhamis, kwana talatin da uku da karaya, Polycarp ya zo dubiya zaure tare da Malam Mu'awiya da Audu. Ya ajiye ledar lemo, ya dubi Ƙasimu ya ce, "Malam Ƙasimu, na kawo maka albishir. Jibi Asabar zan sare gwandar nan. Har ƙasa. In ka tashi ka koma aiki, ba furen da zai sake ɓata maka hula."

"Allahu akbar!" in ji Audu, yana tafi. "Yau dai mai gwanda ya yi nasara!"

"Haƙuri ya yi rana," in ji Malam Mu'awiya. "Shekara biyar fa kana faɗa."

Ƙasimu ya buɗe baki. Maganar tana nan a maƙogwaro, amma ga Audu yana washe haƙora, ga ladan yana gyaɗa kai, mutanen da ya cika wa kunne da zancen hannu mai albarka. Sai ya ji kansa yana cewa, "To, madalla. Ai ba sauri ake yi ba dai."

"A'a, an gama magana," in ji Polycarp.

Ranar Juma'a Ƙasimu ya shiga dabara. Ya tura Kubura wurin Felicitas, matar Polycarp, ta aro addarsu, wai za a rage reshen zogale. Aka kawo, ya tura ta ƙarƙashin tabarma ya zauna a kai. Kafin la'asar sai ga muryar Felicitas ta saman katanga tana kiran Kubura: "Maman Hafsah, ku riƙe addar kawai, Oga ya aro zarto wurin kafinta!"

Kubura ta zo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. Ta riga ta haɗa lissafin gidan sauron nan da kanta, ba ta buƙatar a gaya mata.

"Malam, ka je ka faɗa masa gaskiya. Kalma uku ce kacal."

"Wace kalma?"

"Ka san ta sarai. Shekara talatin da takwas ina jiran in ji ta. In ban ji ta a ɗakina ba, ko ta katanga na jiyo na gode wa Allah."

Ya kau da kai. Da magariba baƙin suka zo su huɗu, suna shawagi a jikin namijin, ba su san an yanke masa hukunci ba. Ya kalle su, ya kalli matan gwandarsa da furanninsu da za su buɗe mako mai zuwa su tarar ba kowa. Tuwon ma kaɗan ya ci.

Asabar da hantsi ya jiyo hayaniya a bayan katanga, sannan ya ji ƙarar zarto, ƙurr, ja ɗaya. Bai san lokacin da ya finciko taɓaryar Kubura ya dogara ba. Mai ɗori ya ce arba'in, yau talatin da biyar, oho. Ya fita yana ɗingishi, ba hula, shi da ko shara zai zubar sai ya sa hula. Ya faɗa gidan Polycarp ko sallama bai gama ba. Ga Audu riƙe da igiya, ga Malam Mu'awiya yana nuna inda ya kamata ya faɗi, ga Polycarp a durƙushe da zarto. Ƙasimu ya yar da taɓarya ya rungume gwandar.

"Kada ka sare! Oga Poli, don girman Allah kada ka sare!"

Aka yi cirko-cirko.

"Malam Ƙasimu, lafiya? Ba kai ka ce..."

"Ni na ce. Shekara biyar ina cewa." Ya haɗiyi yawu, ya runtse ido. "Na yi kuskure."

Daga bayan katanga sai guɗa ta tashi, doguwa, irin ta ranar kai amarya. Felicitas ta fito da gudu tana tambayar wa ya haihu.

A tsaye a ƙafa ɗaya, rungume da bishiya, Ƙasimu ya zayyana musu komai: mai zaren baki, da rawayan gari, da gidan sauro, da tsutsar dankali. Audu ya dubi ladan, ladan ya dubi ƙasa. "Zaman gida ba daɗi," in ji Audu a hankali. "Kawuna ma da ya yi wata biyu a kwance cewa ya yi agogon bango yana gaishe shi."

Polycarp ya shafa 'yar tsagar da zarto ya yi, ya miƙe. "To, ga yadda za a yi. Yau zan rufe shago da wuri. In na ga abin nan da idona, shi ke nan. In ban gani ba, gobe ina dawowa daga coci zan ƙarasa, don ka san aron zarton nan na yi."

A gidan Polycarp aka taru, tunda ba a shiga gidan Ƙasimu, kuma daga nan ana hango kawunan matan gwandarsa ta saman katanga. Ana sallame magariba mutanen masallaci suka shigo da carbinsu a hannu, sun fi goma, don Audu ya baza labari. Malam Mu'awiya ya toge a bakin ƙofa, bakinsa yana motsi, ya ce daga nan ma yana gani. Ƙasimu yana kan kujerar roba, ƙafa a kan bokiti, yana ba da umarni. A kashe maganin sauro. A kashe ƙwan waje. Audu ya mayar da wayarsa aljihu, ba fitila ake so ba. Kowa ya yi shiru.

Aka yi shirun. Ƙamshi ya sauko. Jemagu suka wuce. Sauro ya samu ganima, ana ta marin ƙafafu a ɓoye. Sama ta fara rinewa, babu komai. Wani ya yi tari, wani ya yi ƙaramar dariya. Zufa ta jiƙa wa Ƙasimu riga. A ransa yana cewa, ku da kuke zuwa kullum ba gayyata, yau da na tara muku jama'a za ku kunyata ni? Ya saci kallon zarton da ke jingine a bango.

Fir-r-r.

"Ga shi," ya ce da raɗa. "Ku dubi reshen hagu."

Yana nan tsaye a iska, baƙi a jikin sauran hasken sama, zaren a miƙe. Ya sha, ya ja baya, ya sha. Wani ya zo, sannan wani. Audu ya saki baki. Malam Mu'awiya, da ya ce daga ƙofa ma yana gani, sai ga shi a gindin bishiyar ya dafa ta, yana ta subhanallahi. Sai na farkon ya juya, ya haura katanga, ya gangara ya ɓace.

"Ya iso!" Kubura ta ɗaga murya daga can. "Yana kan ta bakin magudana! Ya koma ta kusa da turmi!"

Gidan ya kaure da sowa. Dattawa masu furfura suna tafi, suna nuna sama, kowa yana cewa shi ya fara ganin na uku. Polycarp ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya samu numfashi sai ya ɗaga hannu.

"Malam Mu'awiya, ina da tambaya. A wurinmu dai na san amsa, amma ina so in ji taku. 'Ya'ya na wane ne, na uwa ko na uba?"

Ladan ya gyara murya, ya shafa gemu. "To, ai da sunan uba ake kiransu."

"Kun dai ji. Daga yau duk gwandar da aka kai masallacin nan, a ce daga gidan Polycarp take!"

"Ci da sha da tarbiyya fa?" in ji Ƙasimu. "Wa ya yi?" Amma shi ma dariyar yake yi har da riƙe ciki, ya ce ya yarda, babbar farko a kowace haihuwa ta gidan uba ce. Audu ya ɗauki zarton ya ce shi zai mayar wa kafinta da kansa, kada wani ya canja shawara.

Da lokacin isha'i ya gabato ladan ya yi gaba, sauran suka bi shi suna ta musu a kan tsawon zaren. Polycarp ya ɗago Ƙasimu, ya sa hannunsa a kafaɗarsa, suka nufi ƙofa a hankali, taki ɗaya a tsaya.

"Ka san wani abu, Malam Ƙasimu?" in ji Polycarp, ba tare da ya dube shi ba. "Ban taɓa son sare shi ba. Kullum in na taso daga shago a gajiye, ƙamshinsa ne yake fara tarar ni tun daga bakin layi. Amma da na gan ka kwance a zaure ka rame, sai na ce me zan yi wa mutumin nan ya ji daɗi? Na duba gidana kaf, ban ga abin da kake so ba sai wannan."

Ƙasimu ya tsaya. Idonsa ya cika don kunya da farin ciki. Ya dai ƙara damƙe kafaɗar maƙwabcinsa da ƙarfi.

"Yi a hankali," in ji Polycarp. "Akwai ɗan tudu a nan, ɗaga ƙafar."